Filin Tambaya da Amsa: Gaisuwar Girmamawa a Harshen Turanci

Masu karatu, assalamu alaikum. Galibin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan abu guda suke, wato yadda ake gaisuwa da Turanci a wuraren da ake buƙatar ladabi da kamun kai, kamar ofis da ɗakin ganawar neman aiki da wasiƙar hukuma. Na zaɓi bakwai daga cikinsu, na taƙaita su saboda ƙarancin fili, kuma na sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani matashi mai neman aiki a Kano: Malam, an kira ni ganawa a wani kamfani wanda shugabansa Bature ne mai yawan shekaru. Da na shiga ya miƙo mini hannu ya ce, “How do you do?” Ni kuwa na ɗauka sana'ata yake tambaya, sai na shiga yi masa bayanin karatuna da wuraren da na yi aiki, shi kuma yana ta murmushi. Ina kuskuren yake, kuma me ya kamata in ce?

Amsa: Ɗana, ba kai ne farkon wanda ya faɗa wannan rami ba, kuma abin da ya jefa ka ciki kalma ɗaya ce tak. Idan Bature yana son sanin sana'arka cewa zai yi “What do you do?” Amma “How do you do?” siffar tambaya kawai gare ta, mai faɗarta ba ya jiran wani bayani daga gare ka. Amsarta ita ce ka mayar masa da ita yadda ya ba ka, ka ce “How do you do?” kana riƙe da hannunsa, kuma ka sauke muryarka a ƙarshe kamar mai faɗin magana, kada ka ɗaga ta kamar mai tambaya.

Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, domin mu ma haka muke yi. Wanda aka ce wa “Ina kwana?” ba ya tsayawa bayyana ɗakin da ya kwana, kuma manomin da ya wuni yana huɗa, idan aka ce masa “Ina gajiya?” amsarsa ita ce “Ba gajiya,” ko da ƙafafunsa na rawa. Kalmomin gaisuwa sukan bar ma'anarsu ta asali su koma alamar cewa na gan ka, na kuma mutunta ka. A tsohon Turanci kalmar “do” tana ɗauke da ma'anar halin da mutum yake ciki, saboda haka a da can tambaya ce ta gaske game da lafiya, amma yau da gobe ta mayar da ita gaisuwa zalla. Daga gare ta ne ma Amurkawa suka sami “Howdy,” wadda ita kuma ta wasa ce, ba a shiga ofis da ita.

Akwai sharaɗi guda da ya kamata ka riƙe: sau ɗaya ake faɗarta tsakanin mutum biyu, a ranar da aka fara haɗa su. Ka kuma sani cewa ta tsufa, galibi a bakin dattawan Ingila da wuraren da ake tsananta ƙa'ida ake jin ta yanzu, a Amurka kuwa sai ka daɗe ba ka ji ta ba. Shawarata ita ce ka san amsarta domin ranar da za a jefo maka ita, amma idan kai ne za ka fara magana ka ce “Pleased to meet you” ko “It is a pleasure to meet you,” waɗanda ba su da haɗari a ko'ina. Idan kun sake haɗuwa wata rana sai ka ce “It is nice to see you again.” Ka lura da bambancin “meet” da “see” a nan, domin wanda ka riga ka sani idan ka ce masa “Nice to meet you” zai fahimci cewa ka manta da shi, kuma babu mai son a manta da shi, balle shugaban da kake neman aiki a wurinsa.

Ita kuwa “How are you?” tana da amsa, amma gajera ce: “Very well, thank you. And you?” Daga nan gaisuwa ta ƙare, sai a shiga abin da ya kawo ka. Mu a gida muna bi ta kan iyali da aiki da sanyi da hidima, ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya taƙaita sai a ce yana da girman kai. A ofishin Bature abin juye yake, domin wanda ya tsawaita gaisuwa ana iya ɗaukarsa mai cinye wa mutane lokaci.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar karɓar baƙi a wani masauki a Kaduna: Wani baƙo ya iso wajen ƙarfe 10 na dare, na tarbe shi da “Good night, sir,” sai ya yi dariya ya ce ai yanzu ya iso. Shin ba dare ba ne?

Amsa: Malama, dare ne, amma “Good night” daidai take da “Sai da safe,” kin ga ke nan kin sallami mutumin tun bai ajiye jakarsa ba. Abin da ke zaman “Barka da dare” shi ne “Good evening,” kuma da ita ake tarbar mutum tun daga wajen ƙarfe 5 ko 6 na yamma har tsakar dare. “Good morning” tana aiki har zuwa ƙarfe 12 na rana, daga nan “Good afternoon” ta karɓa. Idan baƙon ya karɓi makulli ya juya zai tafi ɗakinsa, a lokacin ne “Good night” ta zo wurinta. Ki yi hattara kuma da “Good day,” wadda ta yi yawa a wasiƙun imel na ƙasar nan, domin a kunnen mutumin Ingila tsohuwar magana ce, har wani lokaci akan faɗe ta da ɗaurarriyar fuska don a katse zance a kori mutum, ko da yake mutanen Ostireliya sun gajarta ta suna gaisawa da ita kullum. Wani abin sha'awa a gefe guda shi ne “Goodbye” asalinta addu'a ce, “God be with you,” wato Allah ya kasance tare da kai, wadda baki ya yi ta gutsurewa tun ƙarni na 16 har ta koma yadda take yau.

Tambaya daga wata ɗalibar ajin ƙarshe na sakandare a Sakkwato: Malam, kullum ina rikicewa tsakanin “Yours faithfully” da “Yours sincerely.” Jarrabawar WAEC ta matso, ina so in san wadda ta dace da wasiƙar hukuma.

Amsa: 'Yata, ƙa'idar ba ta da wuya idan kin gane cewa rufewar wasiƙa tana bin buɗewarta ne. A tsarin Ingila, wanda shi makarantunmu ke bi, idan ba ki ambaci sunan wanda kike rubuta wa ba, wato kin buɗe da “Dear Sir” ko “Dear Madam,” to da “Yours faithfully” za ki rufe. Idan kuwa kin ambaci sunansa, kamar “Dear Mr Brown,” sai ki rufe da “Yours sincerely.” Tun da wasiƙar hukuma a jarrabawa galibi ga mai muƙami ake rubuta ta, kamar shugaban makaranta ko editan jarida ko shugaban ƙaramar hukuma, abin da za ki fi buƙata shi ne “Dear Sir” da “Yours faithfully.”

Ƙananan abubuwa ne ke cinye wa ɗalibai maki a wannan wuri, kuma na sha ganinsu a takardun da na duba. Harafin farko na “Yours” babba ne, na “faithfully” ƙarami. Ba a sa ɗan waƙafin nan na sama a cikin “Yours,” duk da cewa ɗalibai da yawa suna ganin kamar ya fi kyau da shi. Bayan “faithfully” sai waƙafi, a ƙasansa sa hannu, a ƙasan sa hannu kuma cikakken sunanki. Kalmar “Dear” kuma kada ta ba ki kunya, domin na san wasu 'yan mata na jin nauyin rubuta ta ga namiji saboda sun san ma'anarta ta ƙauna. A kan wasiƙa ba ta ɗauke da wannan ma'ana ko kaɗan, da ita ake rubuta wa banki, da ita ake rubuta wa wanda ake ƙara a kotu.

Babban abin da nake so ki kiyaye shi ne abin da ke biyo bayan buɗewar. Tarbiyyarmu ta sa muna jin rashin ladabi ne mu faɗa cikin buƙata ba tare da “bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri” ba, sai ɗalibi ya juya wannan zuwa Turanci ya cika sakin layi guda yana tambayar lafiyar shugaban makaranta da ta iyalinsa. A wasiƙar hukuma ta Turanci ba a yin haka. “Dear Sir” ita ce gaisuwar gaba ɗayanta, daga ita sai kan magana, sai jumlar farko ta faɗi dalilin rubutun. Idan wata rana kika rubuta wa wata jami'a a Amurka za ki ga su “Sincerely” kaɗai suke sawa a ƙarshe, kuma a wasiƙun aiki ruwa biyu suke sawa bayan sunan mutum a maimakon waƙafi, amma wannan ki bar shi sai bayan jarrabawa.

Tambaya daga wani malamin kwaleji a Zariya: Na sami gurbin karatun digiri na biyu a Ingila, kuma mace ce za ta duba aikina. Na rubuta mata imel na buɗe da “Dear Ma,” wani abokina ya ce na yi kuskure. Yaya ake kiran mutane da laƙabinsu?

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri a karatun. Abokinka ya yi gaskiya, domin “Ma” ta Turancin Najeriya ce, kuma a Ingila tana iya zama kamar ka kira matar da “Inna.” Ka duba shafin jami'ar ka ga muƙaminta. Idan tana da digirin digirgir ka rubuta “Dear Dr” tare da sunan danginta, idan farfesa ce ka rubuta “Dear Professor” tare da shi. A Ingila ba kowane malamin jami'a ake kira farfesa ba, sai wanda ya kai matsayin, kamar dai yadda yake a nan, alhali a Amurka ɗalibai sukan kira yawancin malamansu da shi.

Macen da ba ta da irin wannan muƙami, kuma ba ka san ko tana da aure ba, “Ms” ake sa mata, ana furta ta “miz.” Da can “Mrs” ta matar aure da “Miss” ta budurwa kaɗai ake da su, sai mata suka yi ƙorafin cewa ana bayyana aurensu a laƙabi alhali “Mr” ba ta bayyana na namiji. Kalmar ta bazu sosai daga farkon shekarun 1970, har jaridar New York Times ta amince da amfani da ita a 1986, kuma a yau ita ce zaɓi mafi aminci a wasiƙun aiki.

Sai kuma kuskuren da ya fi yawa a wurinmu, wato haɗa laƙabi da sunan yanka. Mun saba da “Malam Musa” da “Hajiya Binta,” saboda haka baki yakan tafi kai tsaye ga “Mr John.” A daidaitaccen Turanci “Mr” da “Mrs” da “Ms” da “Dr” da sunan dangi suke tafiya, don haka mai suna John Brown “Mr Brown” ne. Wani laƙabi da ya saɓa wa wannan shi ne “Sir” ta sarautar girmamawa da masarautar Ingila ke bayarwa, wadda take tafiya da sunan yanka. Shi ya sa Turawa suke cewa “Sir Ahmadu” idan suna nufin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da “Sir Abubakar” idan suna nufin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ba a taɓa cewa “Sir Bello” ko “Sir Balewa.” Wannan “Sir” daban take da wadda muke liƙa wa kowace jumla idan muna magana da na gaba. A Ingila 'yan makaranta da sojoji da masu hidima a kantuna da otal ne suka fi amfani da wannan ta biyun, kuma idan ka yi ta cewa “yes sir” ga malamin jami'a zai ji ya takura.

Kada ka yi mamaki idan ta amsa imel ɗinka ta sa sunanta na yanka kaɗai a ƙasa, ko ta ce maka “Please call me” ta ambace shi. Na san bakinka zai yi nauyi, domin mu ko ɗan fari uwa ba ta kiran sunansa, balle ɗalibi ya kira malaminsa gatsau. Amma idan ta ba ka izini ka ƙi karɓa, a wurinta kamar kana ja da baya ne daga gare ta.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Mu da muka yi karatu da Faransanci muna da “vous” ta girmamawa da “tu” ta sabo, a Hausa ma mukan ce wa babba “ku.” Yanzu ina koyon Turanci saboda harkar kasuwanci, sai na ga “you” kaɗai ce ga yaro da babba. Ta yaya ake nuna ladabi?

Amsa: Alhaji, Turanci ma ya taɓa samun irin wannan rabo. Akwai “thou” ta mutum ɗaya da ta sabo, akwai “you” ta jam'i da girmamawa, sai mutane suka yi ta fifita ta girmamawar har “thou” ta fita daga maganar yau da kullum a wajen ƙarni na 17, ta rage a tsofaffin littattafai da addu'o'i da wasu karin harshe na arewacin Ingila. Ke nan duk wanda ka ce wa “you” ka riga ka ce masa “ku.” Da wannan bambanci ya ɓace sai ladabin ya koma cikin laƙabi da kuma yadda ake gina buƙata. “Send me the price” umarni ne, ko da ka ƙara masa “please.” Mai ladabi cewa yake yi “Could you send me the price, please?” ko “I would be grateful if you could send me the price.” Haka nan “I want” takan yi kaushi a kunnen Bature, “I would like” ita ce mai laushi. A wayar tarho kuma “Hello” ta wadatar ga kowa, kuma tana da tarihi a nan, domin Thomas Edison ne ya ba da shawarar a riƙa amsa waya da ita a 1877, yayin da Alexander Graham Bell ya fi son “Ahoy” ta matuƙan jirgin ruwa. Idan kiran na ofis ne ya fi kyau ka fara da “Good morning,” ka faɗi sunanka, sa'an nan ka faɗi wanda kake nema.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya a Jos: An ce mini “Well done” da “How was your night?” da muke gaisawa da su kullum a wurin aiki ba Turanci ba ne. Da gaske ne?

Amsa: Malama, Turanci ne, amma na gida, kuma wannan tambaya ta tuna mini da abin da ya same ni a karon farko da na je wani ɗan gajeren kwas a Ingila. Da sassafe na fito daga masauki na tarar da wata dattijuwa tana goge matakalar bene da tsumma da bokiti a gefenta, sai na ji ba zan iya wuce ta haka ba, na ɗan rusuna na ce “Well done.” Ta ɗago kai ta dube ni, ta dubi matakalar da ko rabi ba ta kai ba, ta ce “I have not finished yet.” Ni “Sannu da aiki” nake nufi, ita kuwa abin da ta ji shi ne wani baƙo ya tsaya yana ba ta maki, domin a wurinsu “Well done” yabo ne da ake yi wa wanda ya kammala abu da kyau, kuma galibi babba ne ke faɗa wa na ƙasa da shi. Da na ce “Good morning” na wuce, da na sauke nauyin da ke kaina ba tare da na ɓata mata rai ba.

Gaskiyar magana ita ce Turanci ba shi da “sannu.” Harsunanmu suna da gaisuwa ga mai aiki da mai zuwa da mai hutawa da mai ciwo da wanda ya yi tuntuɓe, kuma da muka rasa makwafinsu sai muka ɗauki kalmomin Turanci mafi kusa muka ɗora musu kayanmu. Haka “Sorry” ta zama “sannu” ga wanda ya yi tuntuɓe, alhali Bature zai iya amsa miki da cewa ai ba laifinki ba ne, domin shi a irin wannan hali “Are you all right?” yake cewa. Haka “You are welcome” ta zama “Sannu da zuwa,” alhali a can amsar godiya ce, mai tarbar baƙo “Welcome” kaɗai yake cewa. “How was your night?” kuwa “Ina kwana?” ce aka sa wa riga da wando, kuma baƙon da bai saba da mu ba yana iya jin an shiga sirrinsa. “Did you sleep well?” akan faɗe ta ga baƙon da ya kwana a gidanki ko majinyacin da kike dubawa, ba ga shugaba a ofis ba.

Ban ce ki daina amfani da su tsakaninki da abokan aikinki ba. Ni ina ganin waɗannan maganganu sun zauna daram a Turancin ƙasar nan, kuma suna yin aikin da Turancin Ingila bai tanadi kalmar yinsa ba. Abin da ake so shi ne ki san da wa kike magana, musamman idan kina shirin jarrabawar IELTS ta gwajin iya Turanci ko aiki a waje, inda za a auna ki da ma'aunin da ba namu ba.

Tambaya daga wani mai gabatar da taro a Katsina: Wajen gaishe da manyan baƙi, “Your Excellency” zan ce ko “His Excellency”?

Amsa: Malam, ya danganta da inda fuskarka take kallo. Idan da shi kake magana “Your Excellency” za ka ce, idan kuwa jama'a kake ba labarinsa sai ka ce “His Excellency,” ko “Her Excellency” idan mace ce. Bambancin daidai yake da na “Ranka ya daɗe” da “Mai girma gwamna ya iso.” A Najeriya ana amfani da wannan laƙabi ga shugaban ƙasa da gwamnoni da jakadu, sarakuna kuma “Your Highness” ko “Your Royal Highness,” Sarkin Musulmi kuwa “Your Eminence.” A babbar kotu alƙali “My Lord” ne, a kotun majistare “Your Worship,” yayin da Amurkawa ke ce wa alƙalansu “Your Honor,” shugaban ƙasarsu kuma “Mr President.” In ba a kotu ba, cikakken laƙabin sau ɗaya ake faɗarsa a farkon magana, daga nan “Sir” ko “Madam” ta isa. Ko Sarkin Ingila Charles na Uku, ƙa'idar fadarsa ita ce a ce masa “Your Majesty” a gaisuwar farko, sauran hirar kuma a ci gaba da “Sir.”